Annoba ba ta dakatar da maganin ciwon dajin bakin mahaifa

Tun zamanin korona ake jin wata magana a Yamai, wai mai ciwon dajin bakin mahaifa gara ta zauna gida har annoba ta wuce. Kuskure ne babba. A lokacin annoba, tsari kawai likitoci ke sauyawa: a rage ƴan rakiya, a sa takunkumi, wadda ta gama magani a bibiye ta ta waya maimakon zaman layi. Amma wadda aka fara wa gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da haske, so ake ta kammala cikin mako 8, don tsayawa a tsakiya na ba ciwon damar farfaɗowa. Ke kuma inna, in jini ya dawo miki bayan al'ada ta ɗauke, je ki asibitin mata na Issaka Gazobi a duba ki, kar ki jira.