Wa Ke Yage Shafin Ƙarshe?

Wai don Allah su wane ne ke yage ƙarshen littafi kafin su kai shi shagon tsofaffin littattafai? Awa biyu ina tsugune, ƙura ta cika min hanci, atishawa kamar raina zai fita, da ƙyar na zaɓo labarin kisan kai mai shafi 300, ashe a 287 ya tsaya cak! Na jawo wani, juzu'i na biyu ne, na ɗaya ko ƙyallinsa babu. Na ukun kuwa, wani gwani ya bi kowane layi da jan biro, har ya rubuta sunan makashin a shafi na 5. Malam, wa ya aike ka? Ita ma gara ta ci rabonta, daidai inda jarumin ya buɗe baki zai tona asiri. Mai shago ko a jikinsa, wai in ƙarasa labarin da kaina!