Fitsarin inji da baƙar leda

Ranar Laraba muka shiga jirgin ruwan Kawu daga Yamai za mu kasuwar Bubon. Kun san jirgin, mai Yamaha doki 40 ɗin nan. Mun wuce Gudel kaɗan inji ya kama tsuwa, fiiii, ya rage gudu da kansa. Yaron jirgi ya kashe shi. Duk aka zuba mini ido, tunda ni ne mai garejin babura.

Na naɗe hannun riga, na ce a sake tayarwa. Babu fitsari, ko ɗigo. Na juyo na yi wa jama'a bayani: injin jirgi ba shi da radiyata, ruwan kogi yake zuƙa ta 'yan ramukan da ke ƙafarsa, ya zagaya da shi kan silinda, ya tsarto kaɗan ta gefe don a san yana sha, shi ne ake ce wa fitsari. Na ce zanzaro ne ya liƙe bakin da laka. Na zura tsinken tsintsiya. Shiru. Na ce da ma gwaji ne.

Sai na koma kan turbin, robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa sama. Na ce yashi ya cinye ta, ko wani ya taɓa tayar da injin a tudu ta ƙone, ina faɗa ina hararar yaron jirgi. In kuma ba ita ba, tarmosta ce, 'yar abar nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ta ƙi buɗewa. Na ce sai an kwance ƙafar gaba ɗaya, a miƙo mini kile mai lamba 12. Ruwa kuwa yana ta mayar da mu Yamai a hankali.

Wata tsohuwa mai kwandon zogale ta ce, "Ɗan nan, ku ɗaga ƙafar mana a gani."

Na ce, "Inna, wannan aikin makanisai ne."

Yaron bai ko dube ni ba. Ya ɗago injin. Ga baƙar leda ta naɗe ramukan shan ruwa ɗam, gefe da gefe. Ya sa yatsa biyu ya zare ta, ya ɗaga sama yadda har na can gaba za su gani, tana ɗiga. Ya sauke, ya jira injin ya huce, ya ja igiya. Fitsari tsiiiir. Ni kuwa ina tsaye da kile a hannu, da tsinke a bayan kunne. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, goronta kawai ta ɓara. Da ta yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi.

Amma wanda ya ƙona mini rai shi ne mai baƙin tabaran nan, kun san shi, wanda ya karɓi babur ɗinsa a garejina tun kafin azumi ya bar mini bashin jika bakwai. Shi ne ya ce, "Injiniya, ba ledar kilishinka ba ce wannan?" Duk baƙar ledar da ke yawo a kogin Kwara, tawa kaɗai ya gane! Mutumin da bai san inda buji yake ba. Har Bubon yana kirana injiniya, ya sa yaran bakin ruwa suka ɗauka, kuma a gabana ya sayi rago, kuɗi hannu.

Dawowa mota na shiga. Kilen Kawu ma yana aljihuna, in wani zai bi ta can ya zo ya karɓa.