Kafin ka sayi firam ɗin keken tirayal, duba tsawonsa, ba nauyinsa ba

Duk wanda ya fara sha'awar wasan tirayal, wato hawa dutse, tsallake shinge da tsayawa cak a kan taya ɗaya ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, tambayarsa ta farko ita ce: wane firam (wato gangar jikin keken) ne ya fi sauƙin nauyi? Ni kuwa a ganina wannan ce tambaya ta ƙarshe da ya kamata a yi.

Kekunan nan iri uku ne bisa girman taya: inci 20, inci 26, sai inci 24 da 'yan wasan titi suka fi so. Na gasa, masu inci 20 da 26, ba su da ko sirdi. An yi su ne don abu ɗaya: ka ɗage tayar gaba, ka riƙa tsalle a kan ta baya daga dutse zuwa dutse. Shi ya sa ake ɗaga cibiyar feda sama sosai, ta wuce tsakiyar tayoyi da milimita 60 ko fiye. A kan tayar baya, kamar keken ya san abin da kake nufi. Amma sauke tayoyi biyu ƙasa ka ce za ka yi gudu ka sha kwana, nan take za ka ji kamar kana tsaye a kan tebur. Ba ya zama, ba ya son gudu.

To, yawancin masu saye ba gasa za su shiga ba. Abin da ya ja su shi ne irin wasan da Danny MacAskill, ɗan wasan keke na ƙasar Scotland, ya nuna wa duniya a titunan birnin Edinburgh a shekarar 2009, kuma keken da ya hau a lokacin ƙirar kamfanin Inspired ne mai inci 24, da ɗan sirdinsa. Wasa ne na matakala, dakali da katanga, ana gudu, ana juyi a sama. Irin wannan yana son firam gajere, cibiyar feda ba ta yi sama can ba, tazarar da ke tsakanin feda da tsakiyar tayar baya kuma ta zama gajera, don gaba ya ɗagu ba tare da ka yi kokawa da shi ba. Bambancin milimita 10 a wannan wuri za ka ji shi a ƙugunka. Bambancin giram 200 a nauyi kuwa, wallahi sabon shiga ba zai taɓa sanin yana nan ba.

Batun ƙarfe ba ya buƙatar dogon musu. Alminiyum, irin nau'in da ake kira 6061 ko 7005, ba shi da nauyi kuma ba ya lanƙwasa, sai dai idan ya gaji tsagewa yake yi, galibi a bakin walda. Baƙin ƙarfe nau'in da ake kira 4130 ya fi nauyi, amma yana shan duka, kuma gyaransa da walda ya fi sauƙi. In na hannu za ka saya, juya shi ka duba ƙarƙashin bututun da ya gangaro zuwa feda da inda birkin baya yake ɗaure. Loɓawa kaɗan ba komai. Siririn layi a fenti kusa da walda, bar musu kayansu.

Sai birki, wanda mutane kan manta sai firam ya iso hannu. Wani firam an yi masa mazaunin birki mai faifai, wani kuma ramuka huɗu ne na birki mai mai irin Magura HS33 da ke cizon gefen ƙafar keke. Ba kowane ne ke da duka biyun ba. Mai tsalle a tayar baya yana son HS33 saboda riƙonsa babu wasa, mai gudun titi kuma faifai ya fi masa, don yana iya rage gudu a hankali.

In ka tambaye ni, mai farawa da ke son titi ya ɗauki inci 24 mai sirdi. Firam ɗin gasa ya bari sai ranar da ya ga duwatsu sun fi matakala ba shi sha'awa.