Daren da GRUB ya tare a laftof ɗin Yaya

Bayan isha'i na ari laftof ɗin Yaya, da alƙawarin ko ƙurar da ke kai ba zan taɓa ba. Niyyata in girka Linux a faifan waje, SSD mai gigabait 256 da ake jonawa ta USB, in bar masa Windows ɗinsa yadda na same ta. Na tayar da kwamfutar daga filashi, na buɗe GParted, manhajar yanka faifai, na yi wa faifan waje tsarin GPT, na yanka megabait 512 na FAT32 don EFI, ɓangaren da kwamfuta ke fara dubawa in za ta tashi, sauran na mayar ext4. Da manhajar girkawa ta tambayi inda za a ajiye GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, na nuna mata /dev/sdb, wato faifan waje, har na duba sau biyu. Ta amsa ba gardama.

Ashe "to" ɗinta irin ta tela ce a jajiberin sallah. Tsohuwar manhajar nan, muddin a yanayin UEFI take, wato tsarin tashin kwamfutocin zamani, tambayar kawai take yi don sauke nauyi. Ɓangaren EFI na farko da ta ci karo da shi nan take shimfiɗa tabarma, kuma na farkon shi ne ɗan megabait 100 na Windows da ke faifan ciki. Ni kuwa na zare faifaina na kwanta ina jin kaina injiniya.

Da sassafe sai ga sallama mai kauri a ƙofar ɗakina.

"Kai, me ka yi wa kwamfutata?"

Allo baƙi ƙirin, sai grub> da wani ɗan layi yana ƙifta ido. GRUB ya sa kansa a gaban layin tashi, ɗan fayil ɗinsa na grub.cfg kuma yana neman sauran kayansa ta lambar shaida (UUID) a faifan da ke aljihun rigata. Yaya ya ɗauka kalmar sirri ake tambaya, ya buga ta sau uku. GRUB ba ya rufa asiri da taurari, ga ta nan ɓaro-ɓaro, ƙarƙashin kowace an rubuta can't find command. Sunan mace ne. Ba sunan Anti ba ne.

Na haɗiye dariya na buga exit, Windows ta taso. Sai shara. Daga filashi na kira efibootmgr, mai kula da layin tashi, ya jero Windows a Boot0000, baƙon a Boot0003, na kore shi da sudo efibootmgr -b 0003 -B. Lambar takan bambanta daga kwamfuta zuwa wata, a karanta kafin a goge. Sannan na shiga ɓangaren EFI na share foldar Linux kaɗai, ta Microsoft ko kallonta ban yi ba.

Dabarar da ta yi aiki a karo na biyu ita ce ɓoye wa manhajar girkawa ɓangaren EFI na Windows. Kafin a fara girkawa, a GParted a danna dama kan ɓangaren EFI na faifan ciki, a cire masa tutar esp da boot. Zai koma msftdata, manhajar ta wuce shi kamar ba ta san shi ba, dole ta sauka a na faifan waje. Ana gamawa, kafin a sake tayarwa, a mayar da tutocin, don wasu kwamfutocin ba sa ganin Windows in babu su. A leƙa /etc/fstab a tabbatar /boot/efi na faifan waje ne. In akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, a dakatar da shi tukuna, ko a tanadi lambobinsa 48 na buɗewa. Cire faifan ciki gaba ɗaya ya fi sauƙi, faifai samfurin M.2 noti ɗaya ke riƙe da shi, amma Yaya ya ce in na kawo sukudireba kusa sai ya karya min hannu.

Da zan fita ya ce zai kai ƙarata wajen Baba. Na ce, "Yaya, wai wace ce a kalmar sirrin nan?"

Yanzu duk ran da na nemi laftof ɗin, har caja yake haɗo min.