Abin da lambun Kew ya fi mu da shi

Bahaushen da ke zaune a Landan, in dai yana da sha'awar noma, wata rana ƙafarsa za ta kai shi lambun Kew, inda ake tara tsirran duniya ana nazarinsu, can yamma da birni a bakin kogin Temis. Yawancinmu da magana ɗaya muke dawowa, cewa rumbun kayan sata ne. Akwai gaskiya a ciki. Amma ina ganin in muka tsaya nan, mun bar jaki muna dukan taiki.

Ga abin da ya faru. A 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwaso irin roba kimanin 70,000 daga dajin Amazon na Barazil ya kawo Kew. Waɗanda suka tsiro ba su kai 3,000 ba, aka tura dashen zuwa Siri Lanka da Singafo. Kafin shekara arba'in ta cika, gonakin Malaya, a Malesiya ta yau, sun karya kasuwar robar Barazil. Haka aka ɗauko itacen da ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a ɓawonsa daga duwatsun Andes wajen 1860, aka dasa a Indiya. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin a 1854 likita William Baikie ya bi Neja da Binuwai a jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Tun daga nan Turawa suka gane cewa wanda ya mallaki itacen nan ya mallaki hanyar shiga ƙasashenmu.

A wajenmu an buɗe irin waɗannan lambuna a Ebute Metta ta Legas a 1887, da Aburi ta Gana a 1890, Jamusawa kuma suka yi nasu a Limbe ta Kamaru a 1892. Ba don shan iska aka yi su ba. Mai kula da lambun zai karɓi tsirrai cikin akwatunan gilashi daga jirgin ruwa, ya gwada su, ya raba wa manoma waɗanda suka kama, ya rubuta rahoton abin da ya mutu da ƙwaron da ya ci shi, sannan shi ma ya aika da na ƙasar da yake.

To, ga inda nake rabuwa da 'yan'uwana. Kwakwar manja tamu ce. Guda huɗu kacal mutanen Holan suka dasa a lambun Bogor na tsibirin Jaba, a Indonesiya ta yau, a 1848. Yau Indonesiya da Malesiya ke riƙe da kasuwar manja ta duniya, Najeriya kuwa sai ta sayo daga waje ta cike giɓi. Ai ba su kwashe mana itacen ba, yana nan a dazukanmu. Abin da suka fi mu da shi rubutu ne da naci. Henry Ridley, wanda ya karɓi lambun Singafo a 1888, shekaru ya kwashe yana gwada yadda za a tsaga ɓawon roba a tatsi ruwanta ba tare da an kashe itacen ba, yana bin masu gonaki da iri har suka gaji suka shuka. A Kew akwai busassun samfuran tsirrai wajen miliyan bakwai, an jera su da bayanin inda aka tsinko su da wanda ya tsinko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka da ya yi aiki a Arewa. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban kundi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Wa ya sanar da shi amfanin sabara da marke da kalgo? Makiyaya ne da mafarauta da wanzamai da ungozomomi. Sunansa ne a bangon littafi, su kuwa yau ba mai tuna su. Zalunci ne, ba shakka. Sai dai fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yanzu mai bincike kan tsirranmu da wuya ya kauce wa aikinsa. Idan na je gida, ɗorawa da kaɗanya nake gani ana sarewa ana gawayi, tsohuwar da ta san sassaƙen kowace bishiya kuma ta rasu ba wanda ya zauna gabanta da alƙalami.

Ni ban ƙi musayar iri ba. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, da masara da rogo da barkono, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Dogonyaro daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, ga shi shi ne inuwar Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. Tambayar ita ce wa ke yanke shawara, wa kuma ke cin riba.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ba kowace ƙasa haƙƙin a nemi izininta, a kuma raba riba da ita, idan za a yi amfani da tsirranta da ilimin mutanenta. Amma yaya za ka yi da'awar abin da ba ka da shi a rubuce? Kew na ɗora hotunan samfuranta a intanet, ya kamata jami'o'inmu na Najeriya da Nijar su tattara duk wanda aka tsinko daga ƙasarmu su ajiye a gida. Kowace jiha ta keɓe ko da hekta biyu, a katange, a dasa kuka da kanya da aduwa da magarya da gawo, a liƙa sunayensu da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a ɗauki ma'aikacin da za a riƙa biyansa albashi a kan kari. Duk wanda ya ba da bayanin magani kuma, a rubuta sunansa da na garinsu. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana nan tun 1922, tana da masanan da za su iya jagorantar wannan aiki idan gwamnoni suka saka shi a kasafin kuɗi.