Allon Bature a teburin mai shayi

Agege, teburin mai shayi kusa da layin dogo, da hantsi. Alaramma yana fifita shayinsa, Alhaji Bakano mai shagon cajin waya yana ƙirga canji, sai ga Ɗan Zariya ya zauna ya zaro wani abu mai kama da tabilet daga jaka.

ALHAJI: Kai bawana, me kuma ka kwaso yau? Wannan tabilet ɗin naka ai ya mutu, dubi fuskarsa ba ko haske.

ƊAN ZARIYA: Bayi dai suna Kano. Kindle ne Alhaji, jiya na je Computer Village a Ikeja na samo tokumbo, abin karanta littafi ne kawai.

ALHAJI: Kawai? Yana WhatsApp?

ƊAN ZARIYA: Ba ya yi.

ALHAJI: Kallon ƙwallo fa? TikTok? To ko kira, a ce salamu alaikum a ce wa alaikumus salam?

ƊAN ZARIYA: Duk ba ya yi.

ALHAJI: Innalillahi. Jama'a ku zo ku gani, Bazazzagi ya shigo Ikko an sayar masa da gawar waya, har ya biya kuɗin danfo ya kawo ta gida.

ƊAN ZARIYA: Ka bari in yi maka bayani mana. Wayarka ɗin nan fitila ce a bayan gilashi, duk abin da kake karantawa haske ne ake harbo maka cikin ido kai tsaye. Wannan kuwa fuskarsa ba ta fitar da haske, hasken waje ne ke sauka a kanta ya dawo idonka yadda takarda ke yi. A ciki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ba adadi, kaurin kowacce kamar silin gashi, cike da ruwa da garin launi fari da baƙi, in aka ɗan ba su wuta sai baƙin ya taso sama a wani wuri farin ya taso a wani wuri, shi ne rubutun da kake gani.

ALARAMMA: Tsaya yaro. Kana nufin tawada ce a ciki?

ƊAN ZARIYA: Allah gafarta Malam, kusan haka ne, sunan ma da suka sa mata kenan, E Ink, wato tawadar lantarki.

ALARAMMA: In ka gama shafi fa?

ƊAN ZARIYA: Sai in taɓa, ya goge ya rubuto na gaba.

ALARAMMA: To ai allo ne! A rubuta, a haddace, a wanke, a sake rubutawa. Wato Bature ya zaga duniya ya ƙona kuɗi ya dawo inda muka baro tun muna tsangaya.

ƊAN ZARIYA: Ai sun sha wuya kafin su kai nan Malam. Masana ne a jami'ar MIT ta Amurka suka ƙirƙiro abin, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, Sony ta fitar da na'urar karatunta a Japan a 2004, sannan Amazon ta zo da Kindle a 2007.

ALARAMMA: Da sun tambaye ni da na rage musu hanya. In an wanke ana sha?

ƊAN ZARIYA: Malam dan Allah kar ka sa min shi a ruwa, wannan tsohon yayi ne.

ALHAJI: Duk surutu ne. Kawo a gwada, ga tawa Tecno ga naka.

ƊAN ZARIYA: Fito rana to.

(Suka fito daga rumfa. Alhaji ya kanne ido, ya kare waya da hannu, ya kare da hula, ya juya wa rana baya.)

ƊAN ZARIYA: Karanta mana Alhaji, me ka gani?

ALHAJI: Na ga wani mutum mai gemu.

MAI SHAYI: Kai ne Alhaji, fuskarka ce a gilashin.

ƊAN ZARIYA: Yanzu duba nawa. Shi rana ƙara masa kyau take yi, tana ƙara zafi rubutun na ƙara fitowa raɗau, kai kuwa sai ka ƙure hasken sikirin har ƙarshe wayar ta ɗau zafi batir ya zube kuma duk da haka kana kanne-kanne.

ALHAJI: Naji, to wa ke karatu a tsakar rana in ba mahaukaci ba? Dare fa, in an ɗauke wuta, wanda kai ma ka san a unguwar nan ɗaukewar ta fi kawowar yawa? Sai ka nemo tocila ka haska allon naka?

ƊAN ZARIYA: Na farko-farko haka suke, sai da fitila. Amma tun 2012 da aka fito da samfurin Kindle mai suna Paperwhite suka sa 'yan ƙananan fitilu a gefen fuskar, suna zuba haske a kan shafin daga gaba, ba daga baya zuwa idonka ba, kuma kana iya rage shi ya yi ƙasa sosai.

ALHAJI: Kawo in shiga da shi cikin babbar riga in gani da idona.

MAI SHAYI: Alhaji ajiye min kofi tukuna, rannan ma haka cokali ya shiga rigar nan bai fito ba.

ALHAJI (daga cikin riga): Kai! Kai kai kai! Na taɓa shi ya yi baƙi ƙirin ya dawo fari, wallahi kifta min ido ya yi!

ƊAN ZARIYA: Wanke fuskar yake yi, don in bai yi haka ba lokaci-lokaci sai inuwar tsohon shafi ta riƙa bin sabo. Nan kam gaskiya wayarka ta fi shi, ƙwayoyin nan motsi suke yi a hankali, shi ya sa ba ya iya bidiyo, ko jan shafi sama da ƙasa ma yana yi ne kamar gosulon Oshodi.

ALHAJI: Alhamdulillahi, yau Bazazzagi ya faɗi gaskiya da bakinsa.

ALARAMMA: Ni tambayata, mus'hafin nan na tajwidi mai launi-launi da jikana ya sa min a waya, ja daban kore daban, zai fito a nan?

ƊAN ZARIYA: Zai fito amma duk toka-toka. Akwai masu launi yanzu, sai dai launin a koɗe yake kuma tsada. Sannan in littafin hoton shafi aka ɗauka aka yi PDF, irin manyan littattafan Larabci masu sharhi a gefe, fuskar inci 6 ta yi masa kaɗan, sai ka yi ta ja kana matsewa. Irin wannan gara babban tabilet.

ALARAMMA: To allona ya fi shi, ni ko da zuge nake so in na ga dama.

MAI SHAYI: Ɗan Zariya ni ta uwargida nake. Littattafan nan na soyayya da ake turawa a guruf, tun bayan isha take kai sai biyun dare, da safe ido ja yana ruwa, kai na ciwo, kuma ni ake ce wa hayaƙin risho na ne.

ƊAN ZARIYA: Irin nata ne abin ya dace da shi, rubutu zalla, sai a tura mata littafin ciki daga kwamfuta, ta ƙara girman baƙaƙen yadda take so. Mutum in ya ƙura wa sikirin ido yana rage kiftawa ido ya bushe, ga haske mai ƙarfi a duhu yana kore bacci. Amma kar in cuce ka, in ta yi awa shida ba ɗagowa ko a takarda ne idon zai gaji. Babban amfaninsa ma a wurina ba ido ba ne, a nan ba mai turo maka saƙo, a waya ka buɗe littafi layi uku sai guruf ɗin 'yan unguwa ya yi ƙara, kafin ka farga kana kallon faɗan wasu mata a Mile 12 littafi na can ya yi sanyi.

MAI SHAYI: Ai ita faɗan guruf ɗin ne rabin karatun.

ALARAMMA: Yaro, tun ɗazu ka kashe abin nan amma ga hoto nan zaune a fuskarsa. Wa ke riƙe da shi?

ƊAN ZARIYA: Ba kowa Malam. Ƙwayoyin in sun tsaya sun tsaya, ba sa bukatar wuta sai za a juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya ke kai shi makonni.

ALHAJI: Me ka ce?

ƊAN ZARIYA: Makonni. In ka kashe intanet ɗinsa ka rage fitila, sai ka manta inda ka ajiye caja.

ALHAJI: Wato mutum ya zo shagona yau, ba zan sake ganinsa ba sai wani watan?

ƊAN ZARIYA: In ma ya zo kenan.

ALHAJI: Ni da na sayi janareto, na sayi soket sittin, ina shan fetur kullum? Jama'a ku ja baya, abin nan akwai aljanu a ciki! Abu a kashe yana nuna hoto, ya kifta min ido a cikin riga, kuma ba ya cin abinci sai wata-wata, wane irin halitta ne wannan? Malam faɗa musu.

ALARAMMA: A'a Alhaji, ji tsoron Allah, ni ban ga aljani ba, allo na gani.

ALHAJI: Mai shayi, soya wa Malam ƙwai uku da Indomie, ka cika madara, a kaina.

ALARAMMA: Yaro, miƙo min abin nan in sake dubawa da kyau, ɗazu ban sa tabarau ba.