Kafin a haddace sunan Sofokilis, a fara buɗe murya

A wani bikin raba kyaututtuka na makarantar sakandare da na halarta, ana tsakiyar wasan kwaikwayo aka ɗauke wuta, lasifika ta yi tsit. Yarinyar da ta fito a matsayin uwargida ta ci gaba da magana, muna ganin bakinta na motsi, amma daga layi na uku zuwa baya babu mai jin ko kalma ɗaya. Iyaye suka koma hira da latsa waya har aka tayar da janareta. Bayan an tashi, malamin da ya shirya su ya gaya mini cike da alfahari cewa yaran sun haddace kalmomin wasan Girka kaf saboda jarrabawa. Ban musa ba. Sai dai haddar ta tsaya a takarda, ba ta sauka a ƙirji da maƙogwaro ba.

Waɗannan kalmomi kuwa duk sunayen wurare ne da ayyukan jiki. Teyatiron shi ne inda ake zama a yi kallo. Okestira shi ne da'irar fili da 'yan amshi ke rawa da waƙa a ciki. Sikene rumfa ce a bayan fili inda ɗan wasa ke shiga ya sauya kaya. Shi kansa ɗan wasan ana ce masa hufokirites, wato mai amsawa, domin shi ke mayar wa 'yan amshi da magana. Daga baya ne kalmar ta koma sunan munafuki, Turawa kuma suka are ta da wannan ma'ana, abin da zai faranta ran masu ganin duk ɗan fim maƙaryaci ne. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan 'yan amshi. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗin fada yana jan baiti yaransa na karɓa ya riga ya fahimci rabin darasin.

A duba dandalin Efidaurus da ke ƙasar Girka, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Fili ne a gefen tsauni, ba rufi, yana ɗaukar mutum kusan 14,000. Ɗan wasan da zai tsaya a irin wannan wuri namiji ne ko da rawar mace zai taka, kuma fuskarsa a rufe take da abin rufe fuska, saboda haka babu batun harara ko murmushi ko hawaye. Ba shi da abin dogaro sai murya da tsayuwa da motsin hannu. Masanin Girka Aristotal ya ce marubucin wasa Eskilus ne ya ƙara ɗan wasa na biyu, marubuci Sofokilis ya ƙara na uku, kuma a kan ukun nan aka tsaya a wasannin ban tausayi. Ke nan mutum ɗaya zai fito a sarki, ya shige rumfa, ya dawo a tsohuwa ko ɗan aike, da wata murya dabam. Tsohon tarihin rayuwar Sofokilis ma ya nuna cewa shi kansa ya daina fitowa a wasanninsa ne saboda muryarsa ba ta da ƙarfi. Marubucin da ya yi ta lashe gasar bikin Diyonisus a Atens, murya ta sauke shi daga dandali.

Na san abin da masu harkar fim za su ce: kyamara tana ganin ƙiftawar ido, makirufo yana ɗaukar raɗa, ihu ɓata aiki yake yi. Gaskiya ne, kuma lokaci a lokeshan kuɗi ne. Amma motsa murya kafin wasa ba koyon ihu ba ne. Wanda ya iya riƙe numfashinsa shi ne ke iya yin raɗa a ji kowane harafi, shi ne kuma ba ya haɗiye ƙarshen jimla. Sau nawa muke ƙara sautin talabijin don ɗan wasa yana tauna magana?

Abin da nake nema daga malamai minti goma ne a farkon kowane darasi, kuma a tsakar makaranta. A zana da'ira da sanda a ƙasa, a ce wannan ce okestira. A sa yara su girgiza hannu da kafaɗa, su ɗora tafi a ciki su ja numfashi har tafin ya ɗaga, su yi gunji baki a rufe har leɓe ya fara kaɗawa. Sannan a tura ɗaya can gindin katanga ya zama ɗan kallo na layin ƙarshe, sauran su jefa masa karya-harshen da kowa ya sani: da kwaɗo da ƙato suka je neman ƙoto. Idan bai bambanta ƙato da ƙoto daga inda yake tsaye ba, ya ɗaga hannu, a sake daga farko.